Na Tafi Ɗauko Rahila

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A coci a tare ni, a kasuwa a tare ni, har mai yi mini niƙa sai da ta kashe inji ta ce, "Maman Rahila, yaya Nijar?" Na gaji da ba da labari guntu-guntu. Ga shi nan gaba ɗaya, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba.

Ku fara sanin wannan: ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ɗauko 'yata na tafi yi, kuma da kishi na tafi, cike da ciki.

Rahila ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yana. Da sayar da doya na yi mata karatu har ta gama jami'a a Gidan Kwano, ina ta murna za ta sami aiki a nan Minna, in riƙa leƙa ta in na taso daga kasuwa. Sai ga Ishaya. Yaro mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai mai bishara ne, kuma bisharar tasa ba ta ga wurin tsayawa ba sai wani ƙauye can gaba da Maraɗi. Aka yi aure, ya kwashe mini yarinya suka tsallake iyaka. Na haɗiye. Na ce ba komai, haihuwar fari dai gida ake zuwa, uwa ce ke yin wankan jego, kowa ya san wannan.

Ciki ya zo, ciki ya tsufa, Rahila ba ta zo ba. Yau ta ce ajin matan da take koya wa karatu, gobe ta ce hanya. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, duk wayar da za mu yi sai ta sako mini wata Inna. Inna ta ce in daina ɗaukar ruwa. Inna ta dama mini fura. Ranar haihuwar ma Ishaya ya kira yana ta murna, "Mama, an sami mace! Inna ce ta karɓi haihuwar." Na ce barka, na ajiye waya, na zauna a bakin gado ina huci. Wace ce kuma Inna? Ita ta yi naƙudar Rahila? Baban Rahila ya ce, "Ki gode wa Allah da ya ba ta mai kula da ita." Na ce, "Na gode masa. Kai kuma nemo mini kuɗin mota."

Hanya ban san ta ba, sai na bi maƙwabciyata Hajiya Balaraba, wadda ke zuwa Maraɗi saro atamfa. Kakanta aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna, ita kuwa ta gaji ƙafar yawo. Da ta ga kayana a tasha sai ta riƙe haɓa. Doya ce zaɓaɓɓiya daga Garatu, ga daddawa, ga kanwa, ga busasshen kifi, ga yajin jego da na daka da hannuna na ɗure a ƙatuwar leda. Ta ce, "Ke barka za ki, ko hijira?" Na ce mata ta bari kawai, ba ta san abin da zan tarar ba.

Hanyar Suleja kun san ta, ba sai na ɓata bakina ba. Kafin Lambata taya ta fashe, muka tsaya a rana direba yana rantsuwa sabuwa ce. Muka wuce Kaduna, muka wuce Zariya, ƙuguna ya daina zama nawa. Duk inda aka tsaya salla ni ce mai gadin jakunkuna, sai in rufe ido in yi tawa addu'ar a cikin mota. A Funtuwa Hajiya ta dawo ta same ni bakina yana motsi, ta ce me nake roƙo haka fuska a murtuke. Na ce ina roƙon Ubangiji ya juyo mini da zuciyar yarinyata, ya kuma nuna wa wata tsohuwa iyakarta. Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Matar da ko a hoto ba ki taɓa gani ba? Ikon Allah! Ni dai ki bari mu isa lafiya kafin ki soma dambe."

A Katsina muka sauka gidan 'yar ƙanwar babar Hajiya. Mutanen kirki, suna da gaisuwa kamar ba za a gama ba, sai da suka tambayi lafiyar kowa har da awakina. Aka ba ni tabarma da sabon zane a ɗakin tsohuwar gidan, aka kawo tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Na ci na yi nak. Da safe na tarar kyanwar gidan ta huda jakata ta yi biki da kifina, sai kawuna ta bar mini. Matar gidan ta shiga ba ni haƙuri tana neman tsintsiya ta jefi kyanwar. Na ce ba komai, amma a raina kamar in yi kuka, don kifin nan saboda Rahila na saya, tun tana ƙarama take son romonsa.

Daga nan sai Jibiya, sai iyaka. Aka ce kowa ya sauko da takardarsa da kayansa. Na nuna tawa lafiya lau. A ɓangaren Nijar wani dogon jami'i ya ɗaga ledar yajina yana juya ta, ya ce, "Madam, mi ne ne wanga?" Kafin in buɗe baki ya zare ɗaurin ya kai hanci. Wayyo! Iska kuma ta ɗebo. Shi atishawa, na kusa da shi atishawa, direba atishawa, wani mai raƙumin da ba ruwansa ma sai da ya samu rabonsa. Hajiya tana tari tana yi masa bayani, yajin mai jego ne, 'yarta ce ta haihu a ƙasarku. Mutumin ya share hawaye ya yi dariya, ya ce, "To ai ɗiyarki tamu ta yanzu, Madam. Ki kwantar da hankali, muna riƙon baƙo." Shi alheri yake nufi. Ni kuwa na ɗaure ledata na koma mota, har muka wuce Ɗan Isa ina cika ina batsewa.

Maraɗi gari ne na kasuwa, amalanken jakuna da babura kowa yana neman hanya. Hausa suke yi, amma sai ka kasa kunne, rabi kuma Faransanci ya shige ciki. Burodinsu dogo ne siriri mai tauri, na gutsura na ce wa Hajiya wannan ai na korar kare ne. A tasha muka rabu da ita, ta ce, "Ki bi a hankali, Maman Rahila, ba garinku ba ne." Ishaya ya zo ya tarye ni, ya durƙusa har ƙasa, ya ɗora kayana a akori-kurar 'yan kasuwa. Muka yi ta kutsa yashi, ni da buhunan gero da tumaki biyu, har rana ta karkata.

Da na shiga gidan, abin da na fara gani ba Rahila ba ce. Wata tsohuwa ce 'yar firit, baƙa, da zane ɗaya a ƙirji, rungume da jikata. Ta washe baki ta ce, "Lale marhabin da uwar ɗiyata!" Ɗiyarta! A gabana! Ita ce Inna Tsahara, gwauruwa ce, gidanta na jikin nasu, tana cikin 'yan tsirarun Kiristocin ƙauyen. Rahila ta fito da gudu ta faɗa jikina. Ta rame, ta yi duhu. Ta ce, "Mama, kun zo lahiya?" Na ce, "A gidanmu lafiya ake cewa." Na karɓi jaririyar daga hannun tsohuwar tun kafin in ajiye jakata. Salama suka sa mata, kyakkyawa, hancin babana ne sak.

Washegari na dafa doya na kirɓa sakwara da hannuna, na yi miya da daddawar gida. Maƙwabta suka cika ƙofa suna kallon turmi, wai ba su taɓa ganin ana daka doya ba. Ishaya ya ci ya side kwano. Rahila ta yi loma kaɗan ta ce ta ƙoshi, jim kaɗan kuma na ji tana cewa a hankali, "Inna, da sauran furar nan?" Su can fura ce abinci, safe fura, rana fura, ƙwarya guda kowa ya ja ludayi. Na zauna ina kallon 'yar da na yaye da fate-faten doya tana kurɓar furar wata tana lumshe ido. Na ji kamar in fasa ƙwaryar.

Wankan ne ya kai ni bango. Na ga Inna ta ɗora wata 'yar tukunya a kan karare huɗu ko biyar, ta jefa ganyen dogonyaro, ruwan ya ɗan yi zafi ta sauke. Na ce, "Wannan wankan mai jego ne ko na ɗan tsako?" Mu da muka tashi a Kuta, itace a bayan gida yake, garwa guda muke tafasawa, safe da yamma, har mai jego ta yi ja ta yi sheƙi. Na ce daga yau ni ce mai wanka. Inna ba ta ja ba, ta ce, "Hakkinki ne, uwa ta hi kowa."

Na sa aka nemo mini ƙatuwar tukunya. Itace babu a garin, kara suke ƙonawa da kashin shanu, amma ga tarin karan gero nan jibge a bayan ɗaki har ya fi ni tsawo. Na yi ta zubawa, wuta na ci bal-bal. Ruwa kuwa rijiyarsu sai an ɗaura wa sa igiya ya ja tsabar zurfi, matan cocin suka yi ta jido mini babu ƙorafi. Na yi wa 'yata wanka irin na gida, har tana ihu tana cewa Mama za ki dafa ni. Raina ya yi fari. Na ce yawwa, yanzu tsohuwa ta ga yadda ake yi.

Ba a jima ba kara ya ƙare ƙaf. Na ce wa Ishaya a ƙaro. Ya sunkuyar da kai yana murza hula, ya ce, "Mama, babu inda za a ƙaro. Karan nan na Inna ne, na gonarta. Da shi za ta sake darnin gidanta, ragowar ta yi girki har damina. Ita ta kawo shi nan saboda wankan, shi ya sa take tsimi." Kun san abin da na ji? Ba kunya ce ta fara zuwa ba, haushi ne. Wato har karan da na yi bajinta da shi ma nata ne.

Da yamma na sami Rahila a ɗaki tana shayarwa, na ce, "Haɗa kayanki, Litinin za mu tafi. Garin da ruwan wanka ma sai an roƙa? Ki yi arba'in a gida, in ya so Ishaya ya nemi canji, Minna ma akwai waɗanda ba su ji bishara ba."

Ta ce, "Mama, matan nan kullum ina gaya musu Allah ba ya karɓar rabin zuciya. Wasunsu danginsu sun juya musu baya saboda wannan maganar, ba su da wata Minna da za su gudu. In na tafi don ruwa ya yi wuya, me zan dawo in ce musu? Kuma ke kika koya mini. Ke kika kai ni gaban ikilisiya ina jaririya kika ce kin ba Allah ni."

Na ce, "A Minna na ba shi! Babu Allah a Minna ne?"

Ta yi murmushi hawaye na zuba. Ta ce, "In kin ce dole, zan bi ki, Mama. Ba zan saɓa miki ba, Ishaya ma ba zai hana ba. Ke za ki faɗa."

To ga shi an ba ni wuƙa da nama. Na fito ina jin na ci, amma ƙirjina ya ƙi sauka. Sai na ce bari in je wurin tsohuwar nan in gaya mata da bakina, ta san mai ɗiya ta zo. Gidan nata ba sai an yi sallama ba, darnin duk ya zube, daga hanya kana hango tukunyarta da shimfiɗarta. Na same ta tana tsintar kashin shanu a kwando. Na ce, "Litinin zan tafi da 'yata."

Ta ajiye kwandon ta ce in zauna. Ta ce, "Ki tahi da ita in kin ga dama, taki ta. Amma bari in gaya miki, ni ke kishinki."

Na ce, "Ni? A kan me?"

Ta ce, "Kin shiga mota kin zo. Kin ga taki, kin taɓa ta, kin yi mata wanka har kin ƙone mini kara." Ta yi 'yar dariya. Sannan ta ba ni labarin ɗanta Ayuba, shi ke nan gare ta. Shi ma mai bishara ne, yana can arewa gaba da Agadas cikin makiyaya, inda ko waya sai an hau tudu. Matarsa ta haihu har sau biyu, Inna ba ta ga ko ɗaya ba, ba ta da ƙarfin hanyar. Ta ce, "Ranar da zai tahi na ɓoye mishi takalmi. Sai ya sa silifana ya tahi." Ta goge ido da bakin zane. "Wata tana can ta yi wa matarshi wanka, ko sunanta ban sani ba. Kullum na ɗora ruwan Rahila sai in ce, Ubangiji, ga ni ina yi wa ɗiyar wata, kai ka san nawa. Har yau ina wa Ubangiji faɗa in abin ya taso mini. Amma ban taɓa cewa ya maido mini ba, tun da na riga na ba shi."

Na tashi na tafi, kuma kada ku ɗauka na huce. Na ƙara jin wani kishin ne a kan na da. Ni ina da coci mai bene, ina da anko kala-kala na zumuntar mata, ba na fashin sujada, amma wannan matar da ko darni ba ta da shi tana da wani abu da Allah wanda ni ba ni da shi.

Ran Lahadi aka yi miƙa Salama ga Allah a coci. Cocin ɗaki ne na ƙasa da rufin kara, mutanen ba su fi cika mota biyu ba. Baiko ma, wato sadakar coci, zangarniyar gero wasu suka kawo, wata ta ajiye ƙwai. Wani tsohon fasto ya zo daga Maraɗi a kan babur. Wa'azinsa gajere ne. Ya ce abin da Allah yake nema a wurin mai bi ba boyayye ba ne: zuciya duka, rai duka, ƙarfi duka. Ya ce ba ya karɓar ragowa, kuma ba ya raba wurinsa da kowa, ko da ɗan da ka haifa ne. Ya ce wanda ya ba da akuya ya riƙe igiya, ai bai bayar ba.

A nan gida kun san yadda muke yi: uwa tana rungume da jariri, fasto ya ɗora hannu ya yi addu'a, a koma a zauna. Su ba haka ba ne. Tabarma ake shimfiɗawa a gaba, kaka ta kawo jariri ta kwantar, ta ja da baya hannu wofi, ba mai taɓa shi har a gama addu'a. In an shafa, sai matar da za ta tsaya a kan tarbiyyarsa yau da gobe ta fito ta ɗauka, kowa ya shaida.

Aka ce kaka ta kawo. Na kai Salama na kwantar. Ƙasa ce fa, tabarma kawai, ga tururuwa ina gani. Yarinya ta tsala kuka. Na durƙusa a wurin na kasa tashi, ashe bakin zanen goyonta yana dunƙule a hannuna. Fasto yana jira, kowa yana jira. Na ɗaga kai na ga Rahila tana kallona, ba ta roƙe ni da ido ba ma, ta riga ta sallama, duk abin da na faɗa shi za ta yi. Wallahi da ta yi mini gardama da ya fi mini sauƙi. Na ce a raina, Ubangiji, wato duk tafiyar nan da kai nake rigima, ba da tsohuwa ba. Ka ba ni ita guda ɗaya tak, ka dawo ka ce duka kake so. Ina kishi, ka ji na faɗa maka, ina kishi.

Na saki zanen. Na ja da baya na tsaya kusa da Inna. Addu'ar nan ban ji ko kalma ɗaya ba, kukan jikata kawai nake ji, ban taɓa jin addu'a mai tsawonta ba.

Aka ce amin. Fasto ya ce, "Mai riƙo ta ɗauka." Duk ido ya dawo kaina, don labarin tafiyar Litinin ya riga ya zaga gari. Inna ma ta matsa ta ba ni hanya.

Na zungure ta da gwiwar hannu, na ce, "Je ki ɗauka mana, ba ki ji tana kuka ba? Kuma ruwan nan ki riƙa bari ya tafasa."

Ran Litinin Ishaya ya kai ni tasha. Rahila ba ta ƙi biyo ni ba, kada wata ta ce ta ƙi. Ni na baro ta.